Maganin asma da jinin surukata

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni dattijo ne daga unguwar Dubeli a Jimeta, ɗalibin makarantar yamma.

Jikata Hauwa tana da asma. Uwarta, matar ɗana, 'yar Michika ce, rikici ya koro su Jimeta. Maganin shaƙa da ke yi wa yaran maƙwabta aiki bai yi mata ba. Wani mai kemis ya ce, "Baba, jinin uwarta ne, irinsu magani ba ya kama su." Dangina suka yarda, suka daina gaisa da surukata, yarinya tana ta haki.

Likita ya ce jiki ya bambanta, ya canja magani. Jiya Hauwa ta tsere mini da gudu, na yi ta dariya.

Mai kemis, ka ji kunya. Dangina, kada ku tako gidana sai kun ba ta haƙuri. Gaisuwata yau ta surukata ce kaɗai.