Idon da Ban Bar wa Kowa Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Shugaban wannan taro, Alhaji Mahdi. Shugabannin kara da dillalai. Ardo-ardo da makiyayan da suka taso tun daga Nangere. 'Yan'uwana ma'aikatan lafiyar dabbobi, tsofaffi da sababbi. Iyayenmu mata da nake jin muryoyinsu can baya. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya da gayyata, ina kuma godiya ga wanda ya riƙo hannuna ya hau da ni nan. An ce in yi magana kan amfanin horar da na ƙasa a bakin aiki, wai don na shekara talatin da biyar ina duba shanu a karar Potiskum. Wanda ya zaɓe ni, ko dai bai san ni ba, ko kuma ya san ni sosai.

Shekara ashirin ke nan da wata magana ta fara yawo a kara. Wai Likita Kaumi, ni ke nan, ranar da ya bar aiki da idonsa zai tafi, ba zai bar wa kowa ba. Wani dillali ne ya fara kawo mini ita, mutumin da in ya ce maka saniya ƙafa huɗu gare ta, sai ka duƙa ka ƙirga. Na yi dariya. Daga baya mai ɗakina Fanne ta jiyo ta a gidan suna a unguwar Dogo Nini. Na ce mata, “Ido ba hula ba ne da zan cire in ɗora wa wani.” Ta ce, “To kai wa ya ɗora maka naka?” Na ce ta kawo abinci.

Yau zan amsa mata, a gaban jama'a.

Na farko, mene ne horon nan? Da na fara aiki, an haɗa ni da Malam Yaji, Allah ya jiƙansa. Na zo da takardar makaranta da farar riga, shi kuma sanda kawai ya riƙe. Sai ya tsai da ni gaban saniya ya ce, “Me ka gani?” In ce lafiyarta ƙalau. Ya ce, “Madalla. Me kuma ka gani?” Rana tana dukanmu, fatake suna jira, direbobi suna zagi, Malam Yaji bai gaya mini amsa ba ko sau ɗaya. Sai da na shekara kafin na lura da saniyar da ke buɗe hammata, ta miƙa wuya, ta fuskanci iska. Sai da na ƙara wata shekarar kafin na gane cewa mai ɓoyayyen ciwon huhu ba ta nunawa a tsaye, sai an kora ta ta ɗan yi gudu, sannan ka yi shiru ka saurari tarinta. Ranar da na gano haka da kaina, ya juya ya tafi shan shayi, ya bar mini layin. Horo ke nan: babba ya haɗiye amsar da ke bakinsa, ya jure ɓata lokaci, har ƙarami ya gani da idonsa.

Na biyu, me na yi da abin da aka ba ni? Da na zama shugaba, aka turo mini Mu'azu, mutum mai ilimi, mai ladabi. Shekara goma sha huɗu muna tare. Malam Yaji yakan ce, “Me ka gani?” Ni kuma nakan ce, “Matsa in gani.” Ba mugunta ba ce, ko kuma ban kira ta da wannan suna ba. Shanu sun yi yawa, motoci sun yi layi, ni in na kalla sau ɗaya na gama. Kuma, jama'a, akwai daɗi ka ji kara duka tana cewa a jira Likita Kaumi. Mu'azu ya riƙe igiya, ya cika takarda, ya buga hatimi. Na rubuta masa shaidar yabo kowace shekara, aka yi masa ƙarin girma sau uku, amma ban taɓa tsai da shi gaban saniya na yi shiru ba.

Na uku, kun san shi, amma ba a faɗa a bainar jama'a ba. Bara na yi ritaya, Mu'azu ya hau kujerata. Wata huɗu bayan haka wani bijimi ya wuce ta hannunsa, mai ƙiba, mai sheƙi, wanda kowane littafi zai ce lafiyarsa ƙalau. Muhammadu Lawan na Nangere ya saya ya kai cikin garkensa, ashe da ciwon huhu a ɓoye a jikinsa. Shanu arba'in ya gada daga mahaifinsa. Yau goma sha bakwai suka rage. Tun daga nan dillalai ke kewaye Mu'azu kamar ba su gan shi ba, na ƙasa da shi ba sa jin maganarsa, shi kuma ya rubuta takardar ajiye aiki. Ƙarshen watan nan zai tafi. Malam Muhammadu, in kana cikin taron nan, ba Mu'azu ne ya wuce da bijimin nan ba. Ni na wuce da shi, tun ranar da aka turo mini Mu'azu, kafin ma a haifi bijimin.

Za ku ce in koma in koya masa yanzu. Na je. Ranar kasuwar da ta wuce aka kai ni kara, aka tsai da ni gaban wata saniya. Na buɗe ido iya buɗewa, na ga wani abu fari-fari yana motsi cikin hayaƙi. Likitocin ido sun ce jijiya ce, ba yanar ido ba, babu abin kankarewa. Abin da Malam Yaji ya shekara shida yana zuba mini yana nan cikin kaina, amma ba a koyar da shi a kan tabarma. Sai mutum biyu sun kalli saniya ɗaya.

Shugabanni, ba na tsammanin za ku ji ni, domin ni ma an gaya mini ban ji ba. Kowannenku yana da mai riƙe masa igiya, a ofis, a asibiti, a gareji. Gobe aiki zai yi yawa, za ku ce masa matsa in gani, aikin kuma zai yi kyau, a yaba muku. Haka zai yi ta kyau har ranar da kuka tafi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka koya mana, ya yafe mana abin da muka riƙe. Allah ya mayar wa Muhammadu Lawan da alheri. Allah ya tsare dabbobinmu, ya zaunar da garinmu lafiya, ya kai kowa gida lafiya.

Saura abu ɗaya. Ban gaya muku wanda ya kawo mini maganar idon nan a ƙarshe ba. Ranar nan a kara, da na daɗe tsaye gaban saniyar, wanda ke riƙe da hannuna ya tambaye ni a hankali, “Baba, me ka gani?” Na ce ban ga komai ba. Sai ya ce, “Ashe gaskiya mutane suke faɗa, Baba. Ka tafi da shi.” Shekara goma sha huɗu bai taɓa gaya mini magana mai ɗaci ba, wannan ɗin ma ba da ɗaci ya faɗa ba. Shi ne ya hau da ni nan ɗazu, shi zai sauko da ni. Mu'azu ne.

Na gode.