Jarumar da Ta Mayar da Ummata Abin Dariya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da dukkan masu saurare. Don Allah ka karanta wasiƙar nan yadda na rubuta ta, kada ka rage mata zafi.

Jarumar fim ɗin da kuka yi hira da ita kwanan baya tana ta cewa baiwa Allah ya ba ta. Baiwar me? 'Yar lungunmu ce a Soron Ɗinki. A cinyar Ummata ake mata kitso tun tana yawo ba takalmi. Tunda ta shiga fim ba mu ƙara ganin ƙeyarta ba, sai bara ta zo da atamfa, wai "Umma, na yi kewarki." Ta yini tana kallon yadda tsohuwar nan ke jan ƙafarta, tana jan ta da hira don ta ji in'inarta.

Ashe kwaikwayo ta zo ɗauka! Yanzu a shirinsu na barkwanci a talabijin ga Umma nan sak: ɗingishin, in'inar, har ɗaurin ɗankwalin. Yaran unguwa na bin Umma suna shewa. Ta daina zuwa Islamiyya, ko biki ba ta leƙawa.

Na ce zan je har inda suke ɗaukar fim in wanke marar kunyar tas, sai Umma ta ce, "Auwalu, in ka taɓa min 'ya, ban yafe ba."

To jama'a, ku ba ni shawara. In bi maganar uwata, ko in ƙwato mata mutuncinta?

Auwalu, Soron Ɗinki.