Rantsuwar da Na Kasa Yi a Ikko

Tunkiyar Inna anka sayar anka haɗa min kuɗin mota. Lokacin damina biyu ke nan da 'yan bindiga sunka kashe Yaya Sani a gonarmu ta bayan Gwashi, ni ina kwance cikin dawa ina kallo. Noma ya gagara, sai na tafi Ikko dakon albasa. Kai Bashiru, aje wayar nan in kana son ji.

Mai gidan hayarmu, wai shi landilodi, kullum sai ya tare ni bakin famfo. "Aboki, ruwan nan kai kaɗai anka kawo wa?" Ni ko in ce, "Alwalla ce, Oga, ba wankan giwa ba."

Ran nan a kasuwa sai ga wani dogo yana jan ƙafar hagu, sak tafiyar wanda ya harbi Yaya. Na kurma ihu ina nuna shi. Kafin in rufe baki an taru, har wani ya gangaro da taya don a ƙone shi. Da ƙyar 'yan sanda sunka ƙwace shi, kuma wallahi haushinsu na ji.

Sai da anka kwashe watanni anka kira ni kotu. Har lauya gare shi, ku ji fa. Sai "ebidans, ebidans" ake ta yi, ni na ɗauka wani ne ake jira bai iso ba.

Anka ba ni Alƙur'ani na dafa. Lauyan ya ce, "Ka ga fuskarsa ranar?"

"Da rawani ya rufe ta."

"To da mi ka gane shi?"

"Tafiyarsa."

"Garinku ba mai jan ƙafa?"

Nan take na tuna Kawu Ɗanjumma, ga kuma mai facin tasha. Alƙali ya ce, "Shi ne ko ba shi ba ne?" Na dubi mutumin, ya rame ya zama ƙashi. Na ce, "Ban sani ba."

Anka sallame shi. Ya bi ta gabana yana jan ƙafar nan, zuciyata na cewa shi ne, tana cewa ba shi ba ne. Har yau ba ta tsaya wuri ɗaya ba.

Da na dawo gida, abokan Yaya sunka bar gaishe ni, wai na saki jininsa. Na iske Inna tana tankaɗe, na ce, "Inna, in shi ne fa?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "In shi ne, akwai ranar da ba rawani. Da ka rantse kan abin da ba ka gani ba, da ɗiya biyu ke nan na rasa."