Ƙirjin da Ake Jarrabawa da Shi

A barandar asibitin koyarwa, wata ɗalibar likitanci ta kasa zaune ta kasa tsaye. In ta sake faɗuwa jarrabawar duba majiyyaci, sai gida.

"'Yata, zauna mana, kina sa ni jiri," in ji wani tsoho.

"Baba, layin karɓar magani yana can gaba."

"Ai ni ne jarrabawar taku. Duk shekara ƙirjin nan ake kawo muku ku saurara."

Ta rage murya. "Wace cuta suka ce?"

"Sunan Turanci ne, ban riƙe ba. Ni dai tun rasuwar matata ya fara. Ba ɗalibin da ya taɓa tambaya."

Ta zauna kusa da shi, tana murza tafukanta, don kada ta taɓa shi da hannu mai sanyi.