Filin Aro da Wa'adin Ɗaukaka Ƙara

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Buba, daga wajen Vom. Ban yi boko ba, maƙwabcina ne ya rubuta mini, amma maganar tawa ce.

Mahaifina ya ara wa wani kamfanin madara fili a gaban amininsa, Baba Gyang. Aro ne, ina tsaye aka yi. Kabarin mahaifin nawa ma yana ciki. Da kamfanin ya karye, kotu ta haɗa filin cikin kayan da za a yi gwanjonsu. Lauya ya ce, "Baba, mu ɗaukaka ƙara yanzu, abin yana da wa'adi. Kawo mai shaidarka ya yi rantsuwa."

To, a satin nan matar Baba Gyang ta rasu. Ni in shiga gidan makoki da zancen fili? Na ƙi. A wurinmu magana ba ta ruɓewa muddin shaidu na raye.

Da na koma bayan an share makoki, lauya ya ce wa'adi ya wuce, sai dai mu roƙi ƙarin lokaci, kuma alƙali zai nemi ƙwaƙƙwaran dalili. Na ce kunya. Ya ce, "Baba, ban taɓa ganin ta a doka ba."

Masana doka, ku ba ni shawara kafin a sayar da filin. Baba Gyang, in kana saurare, ina ƙara maka ta'aziyya. Ka yi haƙuri da ka ji a rediyo. Har yau na kasa faɗa maka da bakina.