Ranar da mata sunka raba mu da albasa

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, da fatan aiki lafiya. Ni ne Garba, golan samarin Danwarai.

Satin da ya wuce motar wani kulob ɗin ƙwallon mata ta lalace a bakin garinmu. Waɗannan ƙwallo ce sana'arsu, albashi ake ba su. Kafin bakanike ya zo daga Jega, sai sunka shiga filinmu suna motsa jiki. Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Mata da ƙwallo? Ku zo mu gwada, buhun albasa ga wanda ya ci!"

Baba Liman ya ce, "Ku buga, amma duk wanda ya taɓa jikin matar mutane, ni da shi."

Malam, nan munka mutu! Mace na tahowa da ƙwallo, sai masu tsaron bayana su dare gefe, suna ba ta hanya kamar amarya. Wani har "Sannu, Hajiya" yake cewa. Ni kaɗai anka bari da raga. Da ƙwallaye sunka yi yawa, yara ma sunka daina ƙirgawa.

Sunka ɗora buhun bisa mota, sunka ɗaga muna hannu. Matsalar ita ce albasar ta surukina ce, ajiya ya ba ni.

Don Allah masu sauraro, da wane baki zan faɗa mai? Ina gaida direbobin tashar Jega. In motar ta dawo, ku taimaka ta wuce Danwarai lafiya.