Kada Ku Tari Ruwan Farko

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, Alhaji Ashafa. Ranka ya daɗe Mai Unguwa. Malam Liman da Fasto Joshuwa. Shugaban makaranta da 'yan'uwana malamai. Iyayenmu mata da maza, musamman waɗanda suka taso daga wurin aiki a Chalawa da Sharaɗa ko wanka ba su tsaya yi ba, da waɗanda suka hawo acaɓa tun daga Bompai. Sai ku ɗalibaina, da ke can baya kuna fifita da littattafanku: barkanku da war haka.

Sunana Hannatu Obadiya, ni ke koyar da kimiyya a ƙananan azuzuwan wannan makaranta. Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina kuma godiya ga shugabanni da suka ba ni dama in yi bayani a kan iskar da ta lulluɓe duniya da yadda yanayi ke sauyawa. Darasi ne da na saba koyarwa cikin raha. Amma yau ku yi mini afuwa, hankalina a tashe yake, domin damina tana bakin ƙofa, ni kuwa na san abin da za a yi a gidajenmu ranar da ta sauka.

Abu na farko, iska. Wannan sararin da ke bisa kawunanmu ba fanko ba ne. Iska ce ta rufe duniya kamar bargo, hawa-hawa, wani bisa wani. A hawan ƙasa muke zaune, a cikinsa muke numfashi, a cikinsa gajimare ke haɗuwa, a cikinsa ake zafi da sanyi da hadari. Abin da nake so ku riƙe shi ne, hawan nan ba shi da ƙofar fita. Tun da wutar lantarki ta daina tsayawa, manyan janareto suke ruri a masana'antu suna cin baƙin mai, ga tukwanen masaƙa, ga na majema, ga bolar da muke ƙonawa da hannunmu. Muna ganin hayaƙin ya tashi ya baje, sai mu ce ya tafi. Ina ya tafi? Bai je ko'ina ba. Wani yana rataye a sama, wani ya sauko ya kwanta a kan kwanon rufinmu, tun ƙarshen waccan damina yake taruwa.

Abu na biyu, ruwan sama. Rana takan dafa teku da koguna, tururi ya tashi, iskar kudu ta ɗauko shi ta kawo mana. Idan ya yi sama ya ji sanyi sai ya koma ɗigo, kamar yadda kuke gani a murfin tukunya. To amma ɗigo ba ya haɗuwa a banza, sai ya sami wani ɗan ƙwayar abu da zai manne wa, kuma a unguwarmu ƙwayoyin da ke jiransa na toka ne da hayaƙi. Yana saukowa yana share iska, ya faɗo kan kwano ya share kwano, ya kwashi baƙin da ya kwanta, ya kwashi kashin tsuntsu da na ƙadangare, ya bi indararo ya zuba. Shi ya sa gari ke yin wasai bayan ruwan farko. Sama ce ta yi wanka. Mu kuma sai mu kai baho mu tari ruwan wankan, mu juye a randa, mu ba 'ya'yanmu.

Ba raina ku nake yi ba, iyayena, ni ma a unguwar nan nake kwana. Na san famfo ya daɗe bai kawo ruwa ba. Na san rijiyoyinmu, wata ruwanta ja, wata ruwanta da wari. Na san kuma yadda muka taso a garuruwanmu, ko a Jigawa, ko a Filato, ko a Nijar, inda ruwan farko abin murna ne, a tare shi a sha a gode wa Allah. Wannan al'ada muka ɗauko muka kawo ta gindin bututun hayaƙi, ba mu lura cewa samaniyar da muka baro daban, wadda muka tarar daban ba.

Bari in ba ku labari, da izinin mai shi. Malam Lawan, ga shi can kusa da taga, a kamfanin jima yake aiki. 'Yarsa Ma'u tana ajina, kuma ba na jin kunyar cewa ta fi kowa kaifin basira. Bara, kashegarin ruwan farko, na shiga aji na tarar da bencuna da yawa babu kowa, duk ciwon ciki, duk amai da gudawa. Sauran suka warke suka dawo. Ma'u ba ta dawo ba. Na same ta a asibiti ana ƙara mata ruwa, idanunta sun faɗa, ba ta ma gane ni ba. 'Yan ajinta suka rubuta jarrabawar fita ƙaramar sakandare tana kwance.

Na tambayi mahaifinta abin da ta sha. Ya ce, "Malama, ai mun ma hana ta ruwan rijiya. Na sama muka ba ta, ruwan Allah, wanda hannun mutum bai taɓa ba."

Na ce, "Malam Lawan, da tsarkinsa Allah ya saukar da shi. Hanyar da ya biyo ce muka ɓata."

Sai ya ce, "To in na ƙasa ya ɓaci, na sama ya ɓaci, wanne za mu sha?"

Ni ba likita ba ce, kuma ba zan ce muku ga ainihin abin da ya kwantar da yarinyar nan ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ma'u ta maimaita aji, jarrabawa ta sake matsowa, damina ma ta sake matsowa, kuma tambayar mahaifinta ta hana ni sakewa. Ban zo in ce a rufe masana'antu ba; waɗanda aka rufe ma kuka muke yi, don a nan tuwonmu yake. Roƙona ƙarami ne. Ruwan farko ku bar shi ya wanke sama, ya wanke kwano, ya bi ƙasa. Ko a ruwan da zai biyo baya, ku bar zubin farko ya wuce kafin ku kai bokiti. Wanda kuka tara kuma ku tace, ku tafasa, sannan a sha. Malam Liman, Fasto, ku taimake ni. Maganar da aka ji daga bakinku ta fi tawa shiga.

Abu na uku, na shirya in yi bayanin yadda ake gane...

Ranka ya daɗe shugaba, a gafarce ni. Kun ji iskar nan da ta buga ƙofa? Sanyi gare ta. Ku dubi gabas. Wancan baƙin ba hayaƙi ba ne, hadari ne, kuma ba zai jira in gama ba. A yanzu haka akwai iyayen da ba su zo taron nan ba, suna can suna jera bahuna a ƙarƙashin indararo. Masu wayar salula, ku kira gida. Ɗalibai, darasi na uku ya koma hannunku: kowa ya kama hanya, ya kife bahon gidansu, ya leƙa na maƙwabta ya kife, in an yi muku faɗa ku ce Malama Hannatu ce ta sa ku. Ma'u, ke ma tashi ki bi babanki, ina son in gan ki a benci gobe da safe.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Allah ya sa ruwan nan ya zo mana da rahama, ya tsare 'ya'yanmu daga abin da ke cikinsa, ya kai kowa gida kafin ɗigon farko.

Na gode. Ku hanzarta.